Karatun Tsohuwar Wuƙar Aljihu: Suna, Tambari da Shekara

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane masu yawa da suka mai da tara tsofaffin wuƙaƙen aljihu abin sha'awarsu. Suna da ƙungiyoyi da mujallu da kasuwannin shekara-shekara, kuma wuƙar da aka sayar kan ƴan kuɗi kaɗan shekaru ɗari da suka wuce takan yi tsadar da maƙerinta bai taɓa tsammani ba. Wanda bai san al'amarin ba yakan ɗauka kaifi ko ƙyalli ake saye. Amma duk wanda ya lura da gwanin tarawa zai ga cewa da zarar an miƙa masa wuƙa, kafin ya gwada bakinta, sai ya buɗe ta ya kai idonsa ga ƴan haruffan da aka buga a gindin ruwanta. Karatu yake yi.

A cikin wannan maƙala za mu nuna cewa tsohuwar wuƙa shaida ce rubutacciya, kuma ana bin ta da irin ƙa'idojin da ake bin tsohuwar wasiƙa ko tsohon littafin hannu. Abubuwa uku ne ke ba da labarinta: sunan da ake kiranta da shi, da tambarin da ke jikinta, da yadda aka haɗa sassanta. In ukun nan suka yi daidai da juna, to wuƙar ta faɗi gaskiya. In suka saɓa, akwai abin bincike. Za mu fi ɗaukar misalanmu daga Faransa, sa'an nan daga Ingila da Jamus da Suwizalan da Amurka, domin can ne manyan maƙeran wannan sana'a suke.

1. Wuƙar da sassanta

Abin da muke nufi da wuƙar aljihu shi ne wuƙar da ruwanta ke juyawa bisa ƙusa guda ya kwanta cikin ƙota, ta yadda ƙotar kanta ke zama kube. Dabara ce mai daɗewa. An tono irinta mai ƙotar ƙashi a Hallstatt, cikin ƙasar Ostiriya, wadda masana suka ƙiyasta an yi ta shekara 500 zuwa 600 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Rumawa ma sun yi aiki da ita.

Ta fuskar gini, wuƙaƙen sun kasu kashi uku. Kashi na farko babu abin da ke riƙe ruwansu in an buɗe sai matsin ƙota da babban yatsan mai aiki. Wannan shi ne gini mafi tsufa da arha. Kashi na biyu suna da wani siririn ƙarfe a bayan ƙota, irin wanda makanikai ke kira sifirin, da ke danne gindin ruwa ya tsai da shi a buɗe ko a rufe. Wannan dabara ta yaɗu a Turai daga ƙarni na 17. Kashi na uku suna da makulli, ba su rufuwa sai an saki wani ƙarfe ko an juya zobe.

Domin sauƙin bayani, ga kalmomin da za mu yi aiki da su. Ruwa shi ne ƙarfen yanka gaba ɗaya. Baki shi ne gefen da ake wasawa. Wuya shi ne ɗan filin nan maras kaifi da ke tsakanin baki da ƙusa, kuma nan ne aka fi buga tambari, saboda dutsen wasa ba ya kaiwa gare shi. Akwai ƴar tsaga kusa da bayan ruwa inda ake sa akaifa a jawo shi. Ƙota kuwa takan kasance itace guda, ko ƙarfe, ko kuma ƙarfe da aka lulluɓe gefensa biyu da ƙaho, ko ƙashi, ko hauren giwa, ko roba.

2. Inda sunaye suka fito

Hausawa na cewa suna linzami ne. Sunayen wuƙaƙen aljihu daga kafofi huɗu suke fitowa: aiki, da mutum, da wuri, da ƙagen ƴan kasuwa.

Na aiki su ne mafi tsufa. Ƙaramar wuƙar da Ingilishi ke kira penknife, Jamusawa kuma Federmesser, ma'anarta wuƙar alƙalami, domin da ita ake fiƙe alƙalamin gashin tsuntsu. Aikin da canif na Faransanci ya fara yi ke nan, kuma canif da knife na Ingilishi tushensu ɗaya ne a cikin tsofaffin harsunan Jamusawa. Alƙalamin ƙarfe ya kori na gashi a cikin ƙarni na 19, aikin ya mutu, sunan ya zauna. Malamin allo da ke fiƙe alƙalaminsa na kara ya fi Baturen yau sanin abin da kalmar ke nufi. Haka nan navaja ta Sifaniyanci ta fito daga novacula ta Latinanci, wato aska.

Na mutum kuwa, akwai eustache, kalmar da Faransawa suka daɗe suna kiran wuƙa mai arha da ita. Asalinta sunan Eustache Dubois ne, wani maƙerin Saint-Étienne na ƙarni na 18. A Ingila da Amurka akwai barlow, daga sunan wani gidan maƙera na Sheffield. Mafi shahara shi ne Opinel. Joseph Opinel ya fara ƙera wuƙarsa mai ƙotar itace a 1890 a ƙauyen Albiez-le-Vieux na yankin Savoie, a 1897 ya fito da ita girma goma sha biyu, daga lamba 1 zuwa 12. A 1985 gidan kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya sa ta cikin kayayyaki ɗari mafi kyawun tsari a duniya, a 1989 kuma sunan ya shiga ƙamus na Larousse.

Na ƙagen ƴan kasuwa su ne mafi ban sha'awa ga mai nazarin ginin kalma. Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a Ibach ta Suwizalan a 1884. Da mahaifiyarsa Victoria ta rasu a 1909, sai ya sa wa kayansa sunanta. A 1921, da ƙarfe maras tsatsa ya shigo, aka liƙa inox, gutsuren kalmar inoxydable ta Faransanci, aka sami Victorinox. Gidan Wostenholm na Sheffield yana buga I*XL, haruffa uku waɗanda in an karanta su da furucin Ingilishi suke ba da jimla mai ma'anar “na fi kowa”. Wuƙar Okapi kuwa an fara yin ta a Solingen ta Jamus a 1902 domin kasuwar Afirka, shekara guda bayan da masanan Turai suka san dabbar nan ta dajin Kwango mai wannan suna; a 1988 aka mai da ƙerarta Afirka ta Kudu, inda mutane da yawa ke kiran kowace wuƙa mai irin siffarta okapi.

Wannan sauyi, na sunan kamfani ya koma sunan abu, ba baƙo ne gare mu ba: muna kiran kowane garin sabulu omo, kowane dunƙulen miya magi, kowane alƙalamin ruwa bik. Amma yana da illa ga mai tarawa. Da zarar suna ya zama na kowa, ya daina faɗin wanda ya ƙera abin. Wuƙar da aka ce barlow ce tana nuna siffa kurum, wato doguwar hular ƙarfe a wuyan ƙota, masana'antu da yawa kuma sun yi ta. Saboda haka dole a wuce suna a je ga tambari.

3. Tambari da lissafin shekara

Buga alama a ruwan wuƙa doka ce tun da daɗewa. A Faransa, a 1565, Sarki Charles na 9 ya wajabta wa kowane ubangidan maƙera ya sa alamarsa a kan aikinsa. A Sheffield an kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa bisa dokar majalisa a 1624, ita ke rajistar alamomi. Tun da yawancin masu saye ba su iya karatu ba, alamomin farko hotuna ne. Tauraro da giciye na gidan Joseph Rodgers suna cikin waɗanda suka fi daɗewa a Sheffield. Opinel ya yi rajistar nasa a 1909: hannun dama mai miƙe yatsu uku, da kambi a bisansa. Ya ɗauko hannun ne daga tambarin garin Saint-Jean-de-Maurienne, inda ake ajiye da wasu ƙasusuwan yatsu da mutanen garin suka yi imani na Annabi Yahaya ne.

Babbar ƙa'idar karatun tambari ita ce wannan: kowace kalma ko alama tana da shekarar haihuwa, kuma wuƙa ba ta girme wa abin da aka rubuta a jikinta. Kamar dai wasiƙar da ta ambaci rasuwar wani sarki ce. Ba sai an sa mata kwanan wata ba, mun san ba a rubuta ta yana raye ba. Ga misalai.

A 1887 Ingila ta yi dokar da ta tilasta wa kayan waje su nuna ƙasar da aka yi su, daga nan ne rubutun Made in Germany ya samo asali. A 1890 Amurka ta yi irin wannan doka, ta fara aiki a 1891. Saboda haka wuƙar Sheffield da aka yi domin kasuwar Amurka, in tana ɗauke da kalmar England, galibi bayan 1890 aka yi ta. Wadda ke da haruffan V da R da kambi a tsakaninsu tana nuna zamanin Sarauniya Victoria, daga 1837 zuwa 1901. Rubutun W. Germany, wato Jamus ta Yamma, ba ya yiwuwa kafin 1949, kuma ya ƙare da haɗewar ƙasar a 1990. A wuƙaƙen Faransa akan ga Breveté S.G.D.G., ma'ana an yi wa dabarar rajista ba tare da lamunin gwamnati ba; dokar 1844 ce ta kawo wannan lafazi, aka bar shi a 1968. Kalmomin inox da rostfrei da stainless duk suna nufin ƙarfe maras tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield a 1913, bai kuwa yaɗu a wuƙaƙen aljihu ba sai bayan 1920.

Ginin wuƙa ma yana bin wannan ƙa'ida. Zoben nan mai juyawa da ke kulle ruwan Opinel, mai suna Virobloc, Marcel Opinel ne ya ƙago shi a 1955. Da farko a buɗe kurum yake kulle wuƙa. A shekarun 1990 aka gyara shi ya riƙa kulle ta a rufe ma, a 2000 aka sa gyaran a kan duk masu zoben. Duk wanda ya kawo Opinel mai kullewa a rufe ya ce ta kakansa ce da ya dawo da ita daga Yaƙin Duniya na Biyu, zoben ya ƙaryata shi.

Wani kamfanin ma da gangan ya sa lissafin shekara a tambarinsa. Gidan Case na garin Bradford, a jihar Pennsylvania ta Amurka, ya ƙara U.S.A. a ƙarƙashin sunansa a 1965. A 1970 ya sa ɗigo goma a ƙarƙashin wannan, kowace shekara kuma yana cire ɗaya. Mai ɗigo goma ta 1970 ce, mai bakwai ta 1973, mai ɗaya ta 1979. A 1980 aka sake farawa daga goma, da wata sabuwar siffar harafin S domin a bambanta shekarun.

Inda rubutu ke kawo kuɗi, dole a sami masu jabu.  Suna da hanyoyi iri-iri. Wani yakan kankare tambarin wuƙa mai arha ya buga na babban gida. Irin wannan wuyanta yakan fi sifirinta siranta, domin an ci ƙarfensa. Wani yakan haɗa ruwan wata da ƙotar wata. Tambarin asali ana buga shi tun ƙarfe na da taushi, kafin a gasa shi a tsoma, don haka haruffansa suna da zurfi, sun kuma tsufa tare da sauran jikin wuƙar. In ƙota ta goge, ƙusoshi sun lafe, amma haruffa suna da kaifi kamar jiya aka buga su, to shaidun sun saɓa wa juna.

4. Douk-Douk: suna daga gabas, kasuwa a Afirka

Akwai wuƙa ɗaya da tarihinta ya ratso nahiyarmu, kuma ta cancanci a dube ta a natse. Garin Thiers, a tsakiyar Faransa, shi ne cibiyar ƙera wuƙa ta ƙasar tun ƙarnoni da dama. Kogin Durolle ne ke juya manyan duwatsun wasa, masu wasawar kuma suna aiki ne a kwance rubda ciki bisa katako, dutse na juyawa a ƙarƙashinsu, da yawansu da kare kwance a kan ƙafafunsu domin ɗumi. An buɗe gidan tarihin wannan sana'a a garin a 1982.

A can ne gidan Cognet ya fito da Douk-Douk a 1929. Gininta ya kai matuƙa wajen sauƙi, sassa shida ne kurum: ruwa, da sifiri mai ƙarfi, da ƙota ta fallen ƙarfe guda da aka ninka biyu, da ƙusa biyu, da ƴar maɗauka ta rataya. Babu itacen da zai kumbura, babu ƙahon da zai tsage, kuma siririya ce ƙwarai. A ruwanta akwai zanen ado mai kama da na Larabawa. A ƙotarta kuwa akwai hoton wani dodo mai doguwar hula mai tsini da rigar ganye.

Dodon nan na mutanen Tolai ne, mazauna tsibirin New Britain da ke cikin ƙasar Papua New Guinea ta yau. Duk-Duk sunan wata ƙungiyar asiri ce tasu. Faransanci na rubuta wasalin u da haruffa biyu, ou, shi ya sa sunan ya zama Douk-Douk. An yi wuƙar ne da niyyar sayar da ita a tsibiran tekun Pasifik, amma ciniki bai yi ba. Sai aka juya da ita Afirka ta Arewa, inda ta sami karɓuwa ƙwarai, musamman a Aljeriya, daga nan ta bazu cikin sauran ƙasashen da Faransa ke mulki a nahiyar. A lokacin yaƙin ƴancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, hukumomin Faransa sun ɗauke ta a matsayin makami, suka hana kai ta can.

Kamfanin ya yi wasu ire-irenta, gini ɗaya, hoto dabam. Akwai Tiki mai gunkin mutanen Polinesiya, da L'Écureuil mai hoton kurege domin kasuwar Faransa. Wadda ta fi shafar mu ita ce El Baraka, mai farar ƙota, wadda a madadin dodo aka sa mata alamar nan ta azurfa ta Abzinawa da Faransawa ke kira croix d'Agadez. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne, an yi ta domin Musulmin da ba su son ɗaukar surar mutum a aljihu. Sunan kuwa Larabci ne, tushensa ɗaya da albarka tamu. Bambancin kawai shi ne Hausa ta haɗiye al ta mai da shi cikin kalmar, kamar yadda ta yi a alƙalami da almakashi. Ga wuƙa ta Thiers, da sunan Larabci cikin rubutun Faransanci, da alamar Agadas.

Sai a yi hattara da abu ɗaya. Bahaushen da ya ji Douk-Douk zai iya zaton daga duk ko duka ne, wato wuƙa mai yin kowane aiki. Fassara ce mai daɗi, amma kamar sauti ce kawai. Asalin kalma tarihi ke tabbatar da shi, kunne kaɗai ba ya isa.

5. Laguiole: wa ke da suna?

Misali na ƙarshe yana nuna abin da ke faruwa in sunan wuri ya kuɓuce wa mutanen wurin. Laguiole ƙauye ne a tudun Aubrac, cikin lardin Aveyron. Ana rubuta shi da g, amma mutanen wurin layol suke furtawa, bisa harshensu na Oksitan, inda asalin sunan ke nufin ƙaramar majami'a. Ana danganta farkon wuƙar ga shekarar 1829. Wajen 1840 aka ƙara mata tsinken da makiyaya ke huda tumbin dabba da shi in ta kumbura, wajen 1880 kuma aka ƙara mabuɗin kwalba mai murɗe, lokacin da samarin yankin suka kwarara Paris aikin gidajen shan gahawa. A kan sifirinta akwai wani ɗan faffaɗan ƙarfe da maƙera ke kira mouche, wato ƙuda, wanda daga baya aka riƙa sassaƙa shi da siffar ƙudan zuma. Labarin da ake bayarwa cewa Napoleon ne ya ba garin wannan alama ba shi da wata shaida.

A cikin ƙarni na 20 ƙerar ta kusan mutuwa a ƙauyen, maƙeran Thiers suka ci gaba da yin wuƙar da sunanta, sai a 1987 aka farfaɗo da sana'ar a Laguiole. Tun da sunan ya riga ya zama na siffa, kowa na iya buga shi, har masana'antun Sin da Pakistan. A 1993 wani ɗan kasuwa na yankin Paris ya yi rajistar kalmar a matsayin tambarin ciniki na kayayyaki iri-iri. Ƙauyen ya kai ƙara, ya faɗi a 2012, mutanen garin kuwa suka cire allon sunan garinsu domin nuna takaici. A 2019 ne kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta soke ashirin daga cikin rajistocin.

Rigimar da ta biyo baya a kan ƴar kalma guda ta tsaya. A 2022 hukumar rajista ta Faransa ta amince da alamar asali mai suna Couteau Laguiole, wadda ta haɗa maƙeran Thiers da na Aubrac. A 2024 kotun Aix-en-Provence ta soke wannan, aka kuma amince da Couteau de Laguiole. Wannan de daidai yake da -r ɗin da ke cikin “wuƙar Laguiole”: da shi, sunan na nuna garin da abin ya fito, babu shi, yana nuna iri kurum. Darasin ga mai tarawa shi ne, kalmar Laguiole da ƙudan zuma ba su tabbatar da kome. Sunan maƙerin da ke wuyan ruwa shi ne abin dubawa.

6. Ajiya, da haɗarin gyara

In mun yarda tsohuwar wuƙa shaida ce, to yadda za a kula da ita ya fito fili. Babban mai ɓata ta shi ne mai son ya mai da ita sabuwa. Ƙarfe mai kabon, irin na yawancin tsofaffin wuƙaƙe, yakan yi duhu-duhu da shekaru. Wannan duhun ba cuta ne ba, yana ma ɗan kare ƙarfen. Jan tsatsa mai cin rami ita ce cuta, ana kuma cire ta da ɗan mai da tsumma da haƙuri. Wanda ya kai wuƙar ga injin gogewa zai dawo da ita tana walƙiya, amma ya share zanen ruwanta, ya lafe haruffan wuyanta, ya rage kuɗinta ƙwarai. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Masu tarawa suna duba ko ruwan ya cika, wato dutsen wasa bai cinye shi ba. In tsininsa ya leƙo daga ƙota bayan an rufe, ko ya gaza tsawon ƙotar da yawa, an taɓa shi. Suna jijjiga shi su ji ko yana rawa a kan ƙusarsa. Suna kuma saurara: Amurkawa na cewa wuƙar kirki tana tafiya tana magana, ma'ana ruwanta na zamewa sumul, sa'an nan ya zauna da ƙara ƙas. Mai ruwa biyu ko uku ba a buɗe su rabi-rabi lokaci guda, domin sifirin da ke danne su kan karye.

Ƙotar seluloyid, robar farko da aka riƙa kwaikwayon hauren giwa da ƙoƙon kunkuru da ita, tana da nata haɗari. In ta fara ruɓewa takan fitar da tururi mai tsami da ke cin ƙarfe. Alamarsa ita ce tsatsa a rabin ruwan da ke waje, alhali rabin da ke cikin ƙota yana da haske. Irin wannan wuƙa sai a ware ta, in ba haka ba za ta lalata duk waɗanda ke akwati ɗaya da ita. Ba a kuma barin wuƙa ta daɗe cikin jakar fata, saboda fata na riƙe laima da sauran maganin jima. Game da hauren giwa na gaske, yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun shawarar 1989, don haka tsallaka iyaka da irin wannan wuƙa na iya jawo a ƙwace ta.

Yanayinmu na Sahel yana da nasa hukunci. Hunturu na busar da ƙaho da itace har su tsage ko ƙusa ta saki, damina kuwa na kumbura ƙotar itace ta maƙure ruwa. Mutanen Savoie suna da magani ga na biyun: a buga gindin ƙotar Opinel bisa wani abu mai ƙarfi, ruwan zai leƙo da kansa, ba sai an karya akaifa ba.

Abu na ƙarshe shi ne takarda. Kowace wuƙa a yi mata kati: a kwafe abin da ke wuyanta harafi da harafi, har da ɗigo da kambi, a rubuta tsawonta a rufe, da abin da aka yi ƙotarta da shi, da inda aka same ta, da hannun wanda ta fito. In ta gado ce, a tambayi dattawan gida sunan da suke kiranta da shi, a rubuta shi yadda suka furta.

Kammalawa

Mun ga cewa suna yana nuna siffa ko tarihi, amma yakan kuɓuce wa mai shi. Tambari yana nuna maƙeri da iyakar shekara, amma ana iya yin jabunsa. Gini kuwa shi ne ke gaskata su ko ya ƙaryata su. Mai tarawa na ƙwarai shi ne wanda ke gwama ukun nan kafin ya yanke hukunci, ya kuma bar wa wuƙa tsufanta, domin da tsohuwar zuma ake magani. A garuruwanmu akwai Douk-Douk da Opinel da ire-irensu a cikin adakokin tsofaffin sojoji da fatake da malamai. Sunayen da masu su suka laƙaba musu da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek suna cikin kawunan dattawa, kuma ya kamata a tattara su tun waɗanda suka san su suna raye.